Gishirin Jamna

Famfon unguwarmu ya mutu tun kafin azumi.
Ba'indiyen da ya zo gyara shi, Natwar sunansa,
hannunsa baƙi wuluk da mai,
Hausarsa gurguwa ce, amma tana kai shi inda za shi.

Rumfata tana kallon famfon.
Gishiri nake sayarwa a nan Tawa,
kantu da beza da raƙumi ya kawo,
da farin na buhu da ke zuwa a kamiyo.
Rana ta uku ya zo neman inuwa,
ya tsakuri kaɗan da yatsu uku, bai taya ba.
Ya ce: a kan kamar wannan
aka karya wa kakata yatsu biyu.

Na ce, sata ta yi?
Ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce teku a bayan gidansu yake,
rana na shanya gishiri a bakin gaɓa kyauta,
Bature ya ce haramun ne a ɗiba,
sai a saya wurinsa, a biya lanho a kai.
Sai mutane suka tashi da ƙafa.
Manomi, masaƙi, malamin lakwal, mai wanki,
ƙauye na zuba cikin ƙauye
kamar ƙoramu ran ruwan farko.
Jamna tana da shekara goma sha tara,
goyo a kwankwaso, tukunya a ka.

Ƴan sanda suka tare su da kulake.
Sahun farko ya matsa, aka zubar da shi,
na biyu ya matsa,
ba wanda ya ɗaga hannu ko don kare ƙeya.
Ita ta dunƙule gishirinta ta ƙi buɗewa.
Da suka ɓalle yatsun
zufa ta riga ta narkar da shi.

Na ce, a garinmu wannan wauta ce,
a doke ka kana tsaye kamar turmi?
Ya ce, Inna, yi lissafi.
Mutum ɗaya ya zauna, a ciccibe shi.
Dubu ɗari fa?
Wace kaso za ta ɗauke su,
wa zai tuƙa jirgin ƙasa, wa zai sauke kaya?
Suka tara yadin Bature suka cinna masa wuta,
kowa ya koma ga mazarinsa.
Da yatsu takwas ta yi kaɗi
shekara goma sha bakwai kafin a sauke tuta.

Na ce, daga nan sai biki.
Ya daɗe yana goge sifana da tsumma.
Ya ce ƙasar ta rabe biyu,
maƙwabci ya yanka maƙwabci,
wannan kam kakata ba ta taɓa ba mu labarinsa ba.

Ni ma ina da kaka, Arzika,
da ya ɗauki dutse a ka zamanin aikin dole,
bulalar gardi ta yi masa zane a baya
wanda wanzami bai yi ba.
Ya gudu cikin dare, ya bar gero a tsaye.
Na so in faɗa wa Natwar,
sai wata ta zo sayen na dala biyar.

Da la'asar famfon ya yi tari,
ya tofo ja, sannan fari.
Yara suka yi ca da jarkoki.
Na ƙulla masa beza a takarda, ya ce sai ya biya.
Muka yi ta ja, ya fi ni taurin kai.

Da dare ina gaban murhu,
na ɗebo na miya, na dunƙule hannu.
Akwai tsaga a tafina tun sanyin bara.
Na fara ƙirga.
Ban kai hamsin ba na buɗe.